Murhun Gas Ba Tukuba Ba Ne

Duk wanda ya san Maiduguri ya san cewa da zarar magariba ta yi, sai ƙamshin tsire da balangu da gasasshen kifi ya game gari, tun daga Tashar Baga har Gwange da Bulunkutu. Tun kaka da kakanni tukuba da itace su ne kayan aikin mai gashi. Amma da itace da gawayi suka yi tsada, daji kuma ya yi wuyar shiga, sai ga wasu masu sana'ar da masu otal, har da magidanta masu hali, sun koma ga murhun gas mai ragar ƙarfe wanda akan girka a waje. Wannan ci gaba ne, ba mu ƙi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, an sake murhu amma ba a sake hali ba.

Ran nan na tsaya wurin wani mai gashi, na ga ragarsa ta yi baƙi ƙirin, tsohon kitse ya daskare a jikinta kamar kwalta. Na ce, "Malam, yaushe rabon ragar nan da wanki?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai wuta ba ta barin ƙazanta." To, a nan kuskuren yake. Tukuba toka ce, kitsen da ya ɗiga sai ta shanye shi. Murhun gas kuwa ƙarfe ne, ba ya shan komai. Kitse yakan taru a farantin da ke ƙasa har ranar da zai kama da wuta gaba ɗaya, ga kuma tukunyar gas a gefe. Kafin wannan rana ma, ɓeraye da kyankyasai sun sami wurin kwana, ƙonannen maiƙo kuma yana manne wa naman da za a sayar wa mutane.

Saboda haka kamata ya yi kullum in an tashi aiki, tun raga na da ɗumi, a kankare ta, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a bari ta bushe, sa'an nan a shafa mata ɗan man gyaɗa don kada ta yi tsatsa. Wanda ya goge da soson ƙarfe, lalle ya bi da tsumma mai laima, domin silin ƙarfe yakan karye ya maƙale a nama, ya tsaya wa mutum a maƙogwaro. Farantin kitse kuwa a zubar, a wanke, kada a bar shi ya kwana.

Na biyu, a riƙa duban harshen wuta. In shuɗi ne, murhu lafiya lau yake. In ya koma rawaya yana baƙanta raga, to ƙananan ramukan da wuta ke fitowa sun toshe. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati, zanzaro da gizo-gizo kuma na neman inda za su yi gida, wannan ba abin mamaki ba ne. A rufe gas, a bari ƙarfe ya huce, a buɗe ramukan da siririyar waya, kuma a riƙa lulluɓe murhun in ba a aiki.

Na uku, tiyo da tukunya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar bazara a Barno takan wuce digiri 40, tana busar da roba har ta tsattsage, tana kuma ƙara wa gas ƙarfi a cikin tukunya, don haka inuwa ce mazauninta, kuma a tsaye. Duk sa'ad da aka sake ɗura gas, a shafa kumfar sabulu a kan tiyo da mahaɗarsa. In kumfa ta yi ta tasowa, akwai yoyo. Kada a kuskura a gwada da ashana, gama gas ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa yana jiran tartsatsi. Hukumar SON ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma shekarar ƙira tana rubuce a jikinta. Waɗanda kayansu suka kwana cikin ruwa a ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, su duba gindin tukunya, nan tsatsa ke fara ci.

In kuma tsautsayi ya sa kitse ya kama, a fara rufe gas, sa'an nan a danne wutar da murfi ko yashi. Kada a watsa ruwa, domin ruwa fantsama ta zai yi.

Mutanen Maiduguri ba su manta da gobarar da ta cinye Kasuwar Monday a Fabrairun 2023 ba, sun san yadda dukiyar shekara da shekaru ke zama toka a dare ɗaya. Minti 15 na wanki da dubawa bai kai wannan tsada ba. Mu masu saye kuma, kafin mu tambayi kuɗin tsinke, mu fara duban raga.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.