Bushewar gaba ba sanyi ba ce, 'yan'uwa

Yau ba maganar taro ko anko na kawo ba.

Yawancinmu tsakanin shekara 45 zuwa 55 al'ada ke ɗauke mana. Daga nan sinadarin istirojin ya ragu, fatar gaba ta yi siriri ta bushe, sai ƙaiƙayi, zafin fitsari, kwanciyar aure ta koma azaba. Mace ta yi shiru, maigida yana zargin gudunsa take yi.

Sai mu ce sanyi ne, mu koma matsi da zama cikin ruwan bagaruwa. Wallahi ƙara bushewa suke yi. Ki daina cusa komai, ki bar sabulu mai ƙamshi, ruwa ya isa tsarki. Akwai man santsi a kemis, akwai kuma man istirojin da likita ke rubutawa. In kin shekara ba al'ada sai jini ya dawo, asibiti kai tsaye, kada ki jira.

Asibitocin unguwanninmu kuwa awo da haihuwa kawai suka san mace da su. Mu da ke bin layin zaɓe tun asuba, mu nemi a ware mana ranar ganin ma'aikaciya mace. Shugabannin mazaɓu, ku sa wannan a zamanku na gaba.