Kira ga Ministan Lafiya da Kwamishinonin Lafiya na Arewa: A Ba Majinyata Fenti da Takarda

Ranku ya daɗe, ina neman ku ba ni aron kunne a kan wata magana da ba a saba kawo ta gabanku ba, wato maganar zane a asibitocinmu.

Na san abin da za a fara cewa. Asibitin da ke fama da rashin wuta da ƙarancin likitoci, inda ake rubuta wa talaka magani ya fita waje ya saya, ina shi ina fenti? Wannan gaskiya ne, kuma ba na roƙon a cire ko kwabo daga kuɗin magani. Roƙona a kan mutanen da zaman asibiti ke yi wa tsawo ne: mace mai yoyon fitsari da aka yi wa aiki, take zaune da robar fitsari makonni tana jiran a ga ko ɗinkin ya kama, yaro mai amosanin jini da ciwo ke dawo da shi gado ɗaya sau da yawa a shekara, mai tarin fuka da aka keɓe, mai taɓin hankali da dangi suka fara gajiya da zuwa dubiya. Likita na zagayowa da safe, ma'aikaciyar jinya ta ba da magani, daga nan sai su da bango har dare. Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa ya san bangon da nake nufi, da kuma irin tunanin da ke cin mutum idan ya wuni yana kallonsa.

Masana sun auna wannan abu. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya bi bayanan mutum 46 da aka yi wa aikin matsarmama a asibiti ɗaya. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi na kallon katangar bulo. Masu kallon bishiyoyin sun riga sauran samun sallama, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar 'yan'uwansu ba. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya tattara bincike sama da 3,000 a kan fasaha da lafiya, ta ce akwai hujjar da ta isa gwamnatoci su sa lamarin cikin tsarinsu. Zane ba ya kashe ƙwayar cuta, amma yana rage fargaba da kaɗaici, su kuma waɗannan suna da hannu a yadda jiki ke karɓar magani.

Asalin jinya da zane ma daga gadon asibiti ya taso. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, tarin fuka ne ya kwantar da shi a 1938, ya riƙa zana abin da idonsa ke iya kaiwa daga kan gado, daga baya ya koya wa abokan kwanciyarsa. Frida Kahlo ta ƙasar Meziko tana da shekara 18 haɗarin mota ya ragargaza mata ƙashin baya da ƙugu a 1925. Iyayenta suka kafa mata madubi a saman gado, ta fara zana kanta, yau duniya na tururuwar kallon ayyukanta. Mu ma a nan gida an taɓa gwadawa: a farkon shekarun 1950 wani mai suna Ulli Beier ya kai wa masu taɓin hankali da ke tsare a Lantoro, Abeokuta, fenti da takarda, kuma abin da suka zana ya kai ga an buga shi a littafi.

Amma misalin da ya fi tsaya mini a rai yana Sakkwato. Asibitin yara masu cutar noma, wanda aka buɗe a 1999, yana karɓar yaran da ciwon ya cinye wa leɓe ko kunci ko hanci, yaran da a ƙauye ake ɓoye su a ɗaki in an yi baƙi. Wasu masu ɗaukar hoto biyu 'yan Faransa, Claire Jeantet da Fabrice Catérini, sun daɗe suna zuwa wurin, suka ɗauki waɗannan yara da manyan da suka rayu da tabon cikin mutunci, suna wasa, suna dariya, suna kallon mai kallonsu ido cikin ido. Hotunan sun zaga duniya cikin yaƙin neman a san da cutar, kuma a Disamban 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In har hoton da baƙo ya ɗauka ya yi wannan amfani, me zai hana a miƙa wa yaron fensir ya nuna mana duniya yadda shi yake ganinta?

Akwai batun addini, kuma ba zan kauce masa ba. Da yawa cikin malamanmu suna tsoratarwa a kan zana mai rai. To, Bahaushe bai taɓa rasa abin zanawa ba don wannan. Muna da zayyanar da mahaddata ke ƙawata allo da ita, da dagi da sauran adon bangon gidajen Zariya da Kano, da zanen ƙwarya, da lalle, da aikin hula da na wuyan riga. Matar da ke jinyar yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina ko a cibiyar Laure ta Kano wataƙila ba ta taɓa riƙe biro ba, amma hannunta ya san saƙar kaba da lalle tun tana yarinya. A fara daga abin da ta sani.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A ware ɗaki ɗaya, ko rumfa ma ta isa, a kowane asibitin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri, a ajiye kayan zane da na saƙa, a damƙa wa sashen koyar da sana'a kula da shi. Malamai kuwa ba sai an nemo su daga nesa ba. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yaye manyan masu zanen ƙasar nan tun zamanin su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, tsakaninsa da asibitin Shika tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Jami'o'i na yaye masu wannan karatu duk shekara, sannan a tura su bautar ƙasa su ƙare a ofis suna jera fayil. Takarda ɗaya tsakanin ma'aikatarku da hukumar NYSC za ta kai wasunsu inda ake buƙatarsu.

Sharaɗi guda nake so a rubuta da babban baƙi: kada a ɗauki hoton majinyaci, ko a baje aikinsa, ko a sayar, sai da yardarsa ko ta waliyyinsa, kuma in an sayar kuɗin nasa ne. Mun gaji da ganin fuskar mara lafiya a allon talla ana neman suna da ita.

Ranku ya daɗe, ku zaɓi asibiti ɗaya a kowace jiha a gwada shekara guda, likitoci su rubuta abin da suka gani, majinyata su faɗi nasu, sannan ku yanke hukunci a kan hujja. Ina roƙon a sa wannan cikin kasafin kuɗin baɗi. Allah Ya yi muku jagora, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.