Mudu Biyu A Ƙofar Jami'a

'Yan'uwa talakawa, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Kowace shekara, in tsakiyar Disamba ta yi, sai hankalin attajiran Amurka ya tashi. Su ne masu sa 'ya'yansu a makarantun sakandare na kuɗi, waɗanda a birnin Niyok akwai inda ake biya wa yaro ɗaya fiye da dala 60,000 a shekara. Sai ka ji suna ta tambayar juna: Wance, ɗanki ya samu? Wane, wace jami'a ta ɗauki 'yarka? Makarantarku mutum nawa ta shigar bana? Wanda ɗansa ya samu yana ta yanga, wanda nasa bai samu ba kamar an yi masa rasuwa.

To, me ake rabawa a Disamba? Ga yadda abin yake. Manyan jami'o'insu ƙofa biyu gare su. Ta farko ita ce ta kowa da kowa: yaro ya aika takarda a Janairu, amsa ta zo wajen ƙarshen Maris, sa'an nan yana da wa'adi har 1 ga Mayu ya zaɓi inda ya fi masa. Ta biyu ita ce ƙofar sammako: a aika takarda a farkon Nuwamba, amsa ta zo a Disamba. An fi saurin samun shiga ta nan, har waɗansu jami'o'in kan cika wajen rabin gurabensu tun kafin a buɗe ƙofar jama'a. Amma a wurare irin su Columbia da Brown da Duke akwai sharaɗi: sai yaro da iyayensa sun sa hannu cewa in an ɗauke shi, lalle nan zai tafi, ya janye takardunsa daga sauran wurare.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan. Mai ɗan jari kaɗan ba ya sarin kaya sai ya zaga rumfuna ya taya, ya ji inda ya fi rahusa. Haka ɗan talaka yake buƙatar ya ga abin da kowace jami'a za ta rage masa kafin ya ce ya saya. Ɗan attajiri kuwa ba ya tambayar farashi, sai ya sa hannu tun da asuba. Watau shi ya shiga kasuwa ya kwashe na kirki, ɗan talaka ya zo da hantsi ya tarar da tsintuwa.

Masu kare wannan tsari suna cewa ai ƙofar ba a rufe ta ga kowa ba, kuma in taimakon da aka ba yaro bai ishe shi ba yana iya neman a sake shi daga alkawarin. Gaskiya ne. Amma wa zai sanar da shi? A makarantar kuɗi akwai malami na musamman da zai riƙe hannun yaro tun da wuri. A makarantar gwamnati kuwa mai ba da shawara ɗaya ne a kan ɗaruruwan yara. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Kada wani ya ce ƙiyayyar masu kuɗi ce ta sa mu faɗi haka. A 2006 jami'ar Harvard da kanta ta ba da sanarwar za ta rufe ƙofar sammako, shugabanta na lokacin, Derek Bok, ya nuna cewa tsarin masu gata yake ƙara wa gata. Princeton ta bi sahu. Da yawancin sauran suka ƙi bi, sai a 2011 su biyun suka sake buɗewa. A 2023 kuma wani masani mai suna Raj Chetty da abokan aikinsa suka bincika, suka tarar cewa in yara biyu sun sami maki daidai a jarrabawa, ɗan gidan da ke cikin attajirai na ƙoli, watau ɗaya bisa ɗari, ya ninka ɗan mai matsakaicin hali sau biyu wajen samun zama a manyan jami'o'in nan. Babban dalili shi ne fifikon da ake ba wanda ubansa ko uwarsa suka yi karatu a wurin. Ashe har ilmi ya zama sarautar gado!

Duk da haka waɗansu ba su ƙoshi ba. A 2019 aka tona asirin wani dillali, Rick Singer, wanda iyaye suka ba wajen dala miliyan 25 don a gyara wa 'ya'yansu jarrabawa, ko a yi ƙaryar cewa gwanayen wasa ne. An kai fiye da mutum 50 gaban shari'a, waɗansu suka sha ɗauri.

Jama'a, wannan mudu biyu ba baƙo ba ne a wurinmu. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashe na musamman don 'ya'yan sarakai. Kuma a 2022 jami'o'in gwamnati suka yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin malamai, 'ya'yanku na zaune gida, 'ya'yan manya na karatu a makarantun kuɗi da ƙasashen waje. Wanda ɗansa ba ya shan ruwan rijiya, yaushe zai damu da yasarta?

Abin kuwa yana gyaruwa. A 2024 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana jami'o'in kuɗi fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'ya'yan masu ba su kyauta. Saboda haka abin da muke nema a nan ba mai wuya ba ne: ƙofa ɗaya, mudu ɗaya, kuma a gyara makarantar gwamnati har mai mulki ya yarda ya sa ɗansa a ciki. Duk wanda ya zo rumfarku neman ƙuri'a, ku fara tambayarsa inda 'ya'yansa suke karatu.

Allah ya ba talaka sawaba. Amin.