Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni



Duk mai shiga karar Wudil ranar Juma'a ya san makiyayi yakan sayar da bijimi, amma saniyar tatsa sai tura ta kai bango. Mu masu fasaha ba kasafai muke yin wannan lissafin ba.

Makaɗin jita zai shiga matsi ya karyar da amfilifarsa. In ya koma kasuwar Sabon Gari neman irinta, sai ya tarar kuɗin da ya karɓa ko ƙanwarta ba za su saya ba, domin kayan waje dala suke bi. Da-na-sani ƙeya ce.

Babbar asarar ita ce ya jingine jitar yana jiran babbar amfilifa. Alhali mai wat 5 zuwa 10, mai ramin iyafis, ta isa atisaye a ɗaki ba tare da hana maƙwabta barci ba. Mai batir kuwa ba ruwanta da ɗauke wuta. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Mu amfilifarmu ita ce wayar da muke rubutu a kai, da ƙamus, da littattafan da muka tara. Wani zai ce yunwa ba ta san ƙamus ba. Gaskiya ne, amma mu sayar da kayan ado kafin kayan aiki. Wanda tasa ta riga ta tafi, ya sayi littafin rubutu da biro ya ci gaba. Hannun da ya daɗe bai yi rubutu ba, dawo da shi ya fi sayen waya wuya.

Allah Ya ƙara basira.