NAZARI: Kafin ka cike fom ɗin JAMB, wa ya amince da makarantar da ka zaɓa?

A Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa yadda wakilinta, Umar Audu, ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida. Ranar 2 ga Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga bisani ta ce jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu. Hukuncin ya haɗa da masu sayen takarda, ya kuma rutsa da ɗaliban da suka zauna aji shekaru da gumin iyayensu.

A cikin gida ma tarkon yana nan, domin jami'a na iya samun lasisi alhali wani kwas nata bai samu amincewa ba. Kundin JAMB yana fayyace kwasa-kwasan kowace makaranta da darussan da ake buƙata. NUC ke tantance jami'o'i, NBTE kwalejojin fasaha, NCCE kwalejojin ilimi. Mai neman likitanci ya leƙa jerin MDCN, mai neman injiniyanci ya duba na COREN.

Sai dai waɗannan bayanai a warwatse suke, kuma da Turanci. Uban da zai biya kuɗin a Gumel ko Bakori ba ya iya kwatanta makarantu, sai ya dogara da dillali. Haƙƙin Ma'aikatar Ilimi ne ta tattara su wuri guda, da harsunan gida. Kafin ta yi, ɗalibi ya bincika tun bai biya ko sisi ba.