Wa Ya Ci Kwangilar Rijiyarmu?

'Yar'uwa, ranar da famfon tuƙa-tuƙa ya ƙafe kika tura yarinya neman ruwa da jarka, kada ki ce ƙaddara ce kawai. Tun wajen ba da kwangila aka cuce mu.

Doka fa tana nan. A 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar ba da kwangilar gwamnatin tarayya: a tallata aiki, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, a ba wanda ya cancanta kuma farashinsa ya fi sauƙi. Jigawa ma tana da ofishin tantance kwangila a Dutse. To amma wa ke zuwa Kanya Babba ya tambayi mu masu ɗiban ruwan? Haba jama'a! Sau nawa a ƙasar nan mutum ɗaya zai shigar da kamfani uku su yi takara, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, a sare kashi goma, ragowar a haƙa rijiya? Ina zurfi zai fito?

Ni dai a ganina, a rubuta sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin a jikin rijiya, kuma kada a biya shi ciko sai ta wuce Afrilu tana ba da ruwa. In kansila ya zo neman ƙuri'a, mu tambaye shi wannan kafin mu karɓi atamfa da sabulu.