Laifin Hayaƙi, An Ɗora wa Tukunya

A Turai da Amurka akwai mutanen da suka yi bankwana da wuta a sha'anin abinci. Ba sa cin abin da zafinsa ya haura kimanin digiri 48 a ma'aunin Salshiyas. Cimarsu ita ce 'ya'yan itatuwa, ɗanyen ganye, dangin gyaɗa, da hatsin da aka jiƙa har ya tsira. Ra'ayin ya daɗe: tun farkon ƙarni na 20 likitan nan ɗan Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yake ciyar da majinyatansa ɗanyen abinci a Zurich. A 'yan shekarun nan mabiya wannan tafarki sun ƙara wata hujja, wato iskar cikin gida. Wasunsu suna cewa idan mutum ya jima da barin dafaffen abinci, ƙamshin suya yakan koma masa wari mai tayar da zuciya, kuma a ganinsu wannan shaida ce cewa girki guba ne wanda sabo ya ɓoye wa sauran jama'a.

Hujjar ta cancanci a saurare ta, domin rabinta gaskiya ce. Sauran rabin kuwa yana iya kai mutum ga hallaka.

Gaskiyar da ke cikinta ita ce girki yana gurɓata iskar ɗaki. Idan mai ya yi zafi har ya fara hayaƙi, yakan saki wani sinadari mai suna akrolin, wanda shi ne ke sa ido yaji da maƙogwaro ƙaiƙayi. Suya da gashi suna watsa ƙananan ƙwayoyi da masana ke kira PM2.5, waɗanda silin gashin kai ya fi mafi girmansu kauri kusan sau 30. Saboda ƙanƙantarsu sukan ratsa har can cikin huhu. Harshen wutar murhun gas kuma yana fitar da iskar naitirojin dayoksaid, wadda ke tsananta ciwon asma, musamman ga yara. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya hayaƙin suya mai tsananin zafi da hayaƙin itacen girki a sahun abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa daji, ta kuma sanya hayaƙin kwal na cikin gida a sahun waɗanda aka tabbatar. Ita kanta hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Sai dai wannan adadi ba ya magana a kan miyar da ke tafasa a kan murhun lantarki a Berlin ko Los Angeles. Galibin waɗanda suka mutu mazauna Afirka ne da Asiya, masu girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu, kwal ko kananzir, kuma mata da 'ya'yan da suke goye da su ne suka fi shaƙa. Abin da ke ƙarƙashin tukunya shi ne babban mai laifi, sannan yawan zafin da aka ba mai, sannan rashin hanyar da iska za ta fita. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai tafasarsa, shi ya sa dafuwa da turarawa ba sa fitar da ƙwayoyi masu yawa. Ƙamshin gashi da suya yana tasowa ne daga wajen digiri 140 zuwa sama, inda sukari da furotin ke haɗuwa su yi ja, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Tsakanin dambun da aka turara da ƙosan da aka tsoma a man da ya sha suya sau biyar, akwai tazara mai nisa, amma mai ƙin girki ya haɗa su ya yi musu kuɗin goro.

Kuskure mafi haɗari shi ne naɗa hanci alƙali. Hanci yana sabawa da abin da ya daɗe yana ji, yana kuma zabura da abin da ya kwana biyu bai ji ba. Wanda ya bar shan sigari ma haka warinta ke dukansa. Wannan ba ma'aunin cutarwa ba ne. Daddawa tana cika gida da wari ba tare da ta taɓa huhun kowa ba. Iskar kabon monoksaid kuwa ba ta da wari ko launi, kuma ita ce ke kashe iyali a cikin barci idan aka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko aka tayar da janareta a baranda kusa da taga. Wanda ya koyi cewa wari shi ne haɗari, zai ɗauka rashin wari aminci ne. Daga nan ake samun wata al'ada mai ban takaici: a gama suya, a rufe tagogi, a kunna turaren wuta don korar ƙauri. Turaren wuta ma ƙonewa yake yi, hayaƙinsa yana ɗauke da irin waɗancan ƙwayoyi. An rufe wari, an ninka hayaƙi.

To, mene ne farashin barin wuta gaba ɗaya? Wani bincike da aka yi a Jami'ar Giessen ta Jamus, aka wallafa a 1999, ya duba mutum sama da 500 da suka daɗe a kan ɗanyen abinci. An samu sun rame ƙwarai, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba, jinin al'adarsu ya ragu ko ya ɗauke. Richard Wrangham na Jami'ar Harvard ya kafa hujja da irin wannan a littafinsa na 2009, inda ya ce haƙoran ɗan Adam da hanjinsa sun dace ne da dafaffen abinci. Gaskiya ne zafi yana rage bitamin C, amma shi ne ke tausasa sitacin hatsi har jiki ya amfana, shi ne ke kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifot, shi ne kuma ke karya gubar da ke cikin ɗanyen wake. Rogo mai ɗaci sai an jiƙa, an shanya, an dafa kafin ya ciwu. Ko kwaɗon zogale, da ake ci da sanyinsa, sai da ganyen ya fara shiga tukunya. Barin girki saboda hayaƙi gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Muhawarar ta Turawa ce, amma darasinta ya shafi sababbin gidajen Kano, Abuja da Yamai. A tsohon tsarin gidan Bahaushe murhu a tsakar gida yake, ko a madafar da aka ware gefe. Mai girki tana shan hayaƙi, amma ɗakin kwana yana nesa. Ginin zamani ya kawo murhun gas, wanda ya fi itace tsabta nesa ba kusa ba, sai dai ya shigar da kicin cikin gida, ya rufe tagogi saboda sauro, ƙura da na'urar sanyaya ɗaki. An kashe maciji, ba a sare kansa ba. Sau da yawa akan kashe miliyoyi a kan tayil da kabad, a bar kicin da 'yar taga guda mai kallon katangar maƙwabci.

Gyaran ba ya bukatar sauya cima. Mai gini ya ba kicin tagogi biyu masu fuskantar juna, ko fanka mai zuƙe hayaƙi ta fitar da shi waje, ba mai juya shi a cikin ɗaki ba. A buɗe taga tun kafin a kunna wuta, a bar ta buɗe bayan an sauke. A daina barin manja a wuta har ya turnuƙe, a daina maimaita man da ya yi baƙi. Suya mai yawa ta koma waje, yara su yi nesa da ita. Idan harshen gas ya koma rawaya maimakon shuɗi, murhun yana neman gyara. Gawayi da janareta kuwa ba su da wurin kwana a inda mutane ke kwana.

Masu cin ɗanyen abinci sun yi daidai da suka tambayi me ake shaƙa a cikin gida, tambayar da magina da masu haya suka daɗe suna tsallakewa. Amsar tana ga makamashi, zafin mai da faɗin taga. Tukunya dai a bar ta a kan wuta.